ABUBUWAN DA KE JAWO CIN ZARAFIN YARA, DA NAUYIN DA KE WUYAN IKILISIYA

Jawabin da aka gabatar wa taron fastoci, dattawa da shugabannin zumunta

 

Maganar da aka ba mu mai nauyi ce, akwai kuma kalmomi a cikinta waɗanda ba mu saba jin su a majami'a ba. Muna roƙon iyayenmu su yi mana haƙuri, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Zabura ta 127 ta nuna mana cewa 'ya'ya kyauta ce daga wurin Ubangiji, duk wanda aka ba shi ajiya kuwa wata rana za a tambaye shi lissafinta. A cikin Markus sura 10, lokacin da almajirai suka tsawata wa masu kawo yara wurin Yesu, ransa ya ɓaci ƙwarai. Abin lura shi ne, waɗanda suka tsaya tsakanin yaran nan da Mai Ceto mutanensa ne na kusa, suna kuma tsammani aiki mai kyau suke yi.

MENE NE CIN ZARAFIN YARO?

Bisa ga Dokar Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta shekarar 2003, duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. Cin zarafinsa kuwa iri huɗu ne. Na farko shi ne na jiki: dukan da ke barin rauni, ƙona hannu da wuta, ɗaure yaro, zuba masa barkono a ido ko a jiki. Na biyu shi ne lalata: fyaɗe, taɓa al'aurar yaro, sa shi ya taɓa ta babba, ko nuna masa hotunan batsa. Na uku shi ne na baki da na zuciya: zagi kullum, la'anta, tsoratarwa, da gaya wa yaro cewa ba zai zama kome ba. Na huɗu shi ne sakaci: barin yaro da yunwa, ko ba magani, ko ba makaranta, alhali akwai halin yi masa.

A shekarar 2014 Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, tare da UNICEF da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, suka yi bincike a dukan faɗin Nijeriya. Sun gano cewa yara 6 cikin 10 sun sha wani irin cin zarafi kafin su kai shekara 18. Yarinya 1 cikin 4, da yaro namiji 1 cikin 10, an ci zarafinsu ta hanyar lalata. Waɗanda suka sami taimako kuwa ba su kai 5 cikin 100 ba. Binciken ya kuma nuna cewa yawancin masu aikata wannan mutane ne da yaran suka sani. 'Yan'uwa, binciken nan bai ware gidajen masu bi ba. Idan Makarantar Lahadinmu tana da yara arba'in, sai kowa ya yi lissafin a zuciyarsa.

Kafin mu shiga dalilai, akwai abu biyu da muke so mu kafa. Na ɗaya, in mun ce talauci ko shaye-shaye na jawo cin zarafi, muna nufin suna ƙara haɗari ne. Akwai matalauta da yawa a cikinmu da suke renon 'ya'yansu cikin ƙauna, akwai kuma gidajen masu hali da ake azabtar da yara a ciki. Wanda ya aikata, shi ne mai laifi, kuma dalili ba ya wanke shi. Na biyu, yaro ba shi da laifi ko kaɗan a cikin abin da babba ya yi masa, kome irin tufafin da ya sa, kome rashin jinsa.

1. DALILAN DA KE WAJEN IYAYE DA MASU RENO

Dalili na farko shi ne gado. Mutum yakan yi reno yadda aka rene shi. Wanda ya tashi a gidan da dorina ce amsar kowane kuskure, in ya haifi nasa, hannunsa yakan riga tunaninsa. Sau da yawa mukan ji ana cewa, "Mu ma haka aka yi mana, ga shi mun zama mutane." Gaskiya ne Allah ya raya mu, amma ba kowa ya fita lafiya ba. A shekarar 1998 aka buga sakamakon wani babban bincike a Amurka, wanda ya kai ga duba tarihin mutane fiye da 17,000. An gano cewa yawan wahalar da mutum ya sha a gida yana yaro, yawan haɗarin da yake ciki na shaye-shaye, ciwon damuwa, ciwon zuciya da yunƙurin kashe kansa bayan ya girma. Duk da haka akwai ta'aziyya: yawancin waɗanda aka zalunta suna yara ba sa zama azzalumai. Ana iya yanke wannan igiya, kuma ikilisiya na daga cikin wuraren da ake yanke ta.

Dalili na biyu shi ne rashin sanin abin da yaro zai iya a shekarunsa. Jariri yakan yi kuka sosai a watanninsa na farko, ba don taurin kai ba. Uwar da ta kwana uku ba barci, ko yarinyar da aka bar wa goyo, tana iya jijjiga jariri da ƙarfi don ya yi shiru. Wuyan jariri ba shi da ƙarfi, jijjigar nan tana iya sa jini ya zuba a cikin kansa, ya makance, ya shanye, ko ya mutu. Haka kuma yaro ɗan shekara huɗu ko biyar da ke fitsarin kwance ba da gangan yake yi ba, duka da tara masa yara su yi masa waƙa sai dai su ƙara masa tsoro.

Dalili na uku shi ne haɗa horo da fushi. Littafin Karin Magana ya yi zancen sanda, ba ma musun wannan. Amma Littafin nan guda shi ne ya gargaɗi ubanni a Afisawa 6:4 da Kolosiyawa 3:21 kada su tsokane 'ya'yansu har su fusata ko su karai. Ibraniyawa sura 12 kuma ta nuna cewa horon Allah domin amfanin ɗa ne. Ga ma'auni mai sauƙi da kowane uba zai iya gwada kansa da shi: Shin ina yin wannan domin yaron ya gane kuskurensa, ko domin in huce? Idan ana bukatar asibiti bayan horo, ko ana bukatar doguwar riga don a rufe shaida ranar Lahadi, ko yaro yana fitsari a wando da jin muryar ubansa, to abin ya tashi daga horo ya zama zalunci. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tanƙwarawa suka ce, wanda ya karya reshe kuwa ba shi da abin da zai tanƙwara.

Dalili na huɗu shi ne giya da ƙwaya. Mun san abin da burukutu da ogogoro suke yi a wasu ƙauyukanmu, mun kuma ga yadda tiramadol da maganin tari mai kodin suka shiga cikin matasa, har gwamnati ta hana shigo da maganin tarin nan da sarrafa shi a shekarar 2018. Maye yana cin gida ta hanya uku: yana cinye kuɗin abinci, yana cire wa mutum kunya da tsoron Allah, yana kuma rufe idon da ya kamata ya lura da yara.

Dalili na biyar shi ne ciwon zuciya da ba a gani. Akwai matan da bayan haihuwa baƙin ciki mai tsanani yake rufe su, ba sa iya barci, ba sa jin son jaririn. Wannan ciwo ne da likitoci suka sani, yana kuma da magani. In muka ce mata rashin bangaskiya ne, ko muka ce iska ce, za ta ɓoye, jaririn kuma shi zai sha wahalar. Haka nan yarinyar da aka aurar tana da shekara 14 ko 15, ita kanta tana bukatar reno, ga shi an ɗora mata renon wani.

2. DALILAN DA KE CIKIN ZAMAN GIDA

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Gidan da miji ke dukan matarsa, da wuya yara su tsira. Ko hannu bai kai kansu ba, idonsu yana gani, ɗa namiji yana koyon cewa haka ake zama maigida, 'ya mace kuma tana koyon cewa haka ake haƙuri. Sau da yawa kuma matar da aka daka takan huce a kan wanda ya fi ta rauni.

Mutuwar aure da mutuwar iyaye su ma suna buɗe ƙofa. Agola da maraya su ne na ƙarshe wajen cin abinci, su ne na farko wajen tashi aiki. Littafin Farawa bai ɓoye mana irin wannan ba. A sura 21 kishi tsakanin Saratu da Hajaratu ya kai Isma'ilu jeji har ya kusa mutuwa da ƙishirwa. A sura 37 bambancin da Yakubu ya nuna tsakanin 'ya'yansa ya kai ga 'yan'uwa suka sayar da Yusufu yana da shekara 17. Gidajen nan na masu tsoron Allah ne, duk da haka yara suka sha wuya a cikinsu.

Sai talauci da bashi. A 2 Sarakuna sura 4, gwauruwar wani daga cikin ƙungiyar annabawa ta kai kuka wurin Elisha domin mai bin bashi yana zuwa ya kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi. Mijinta ma'aikacin Allah ne, ya mutu ya bar bashi. A Nehemiya sura 5 yunwa da haraji suka sa mutane ba da 'ya'yansu bauta a hannun 'yan'uwansu Yahudawa. A zamaninmu abin ya sake suna. Wata mata takan zo daga birni ta ce tana neman yarinya mai hankali, za a sa ta makaranta, za a riƙa aiko da ɗan abu kowane wata. Yarinya 'yar shekara tara ta tafi gidan da ba ta san kowa ba, ba ta jin harshensu, ta tashi da asuba ta kwanta tsakar dare, makarantar kuwa shiru. In maigidan ko ɗansa ya shiga ɗakinta da dare, wa za ta gaya wa? Saboda irin wannan ne aka kafa hukumar NAPTIP a shekarar 2003, dokarta ta yanzu kuma ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau a gida.

Talla ma haka take. Yarinyar da ke yawo da faranti a tasha, ko a garejin makanikai, ko a wurin masu gini, tana shiga inda uwarta ba za ta shiga ba. Idan an gaya mata kada ta dawo sai ta sayar duka, an ba mugu makami, gama shi zai ce zai saye duka in ta biyo shi ɗaki. Ba muna zargin iyayen da ba su da wata hanya ba ne, muna nuna inda ramin yake domin a kauce masa.

Riƙo al'ada ce mai kyau, ta kuma ilimantar da yawancinmu. A wurare da dama inda muke kaɗan, babu makarantar sakandare kusa, ko kuwa iyaye ba su natsu da wadda take akwai ba, sai a tura yaro wurin dangi a wani gari. Haɗarin yana zuwa ne in aka tura yaro aka manta da shi, shekara ta zagayo ba wanda ya je ya gan shi, ba wanda ya keɓe da shi ya tambaye shi yadda yake.

3. YARAN DA SUKA FI SHIGA HAƊARI

Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara huɗu, da waɗanda suka fara balaga, sun fi sauran shiga haɗari. Haka kuma yaron da aka haifa ba a so, kamar wanda aka haifa ba aure, ko 'ya mace a gidan da ake jiran namiji.

Yara masu nakasa suna kan gaba. Wani nazari da aka buga a shekarar 2012 ya nuna cewa haɗarin cin zarafinsu ya kusa ninka na sauran yara sau huɗu. Dalilin a fili yake: kurma da bebiya ba za su iya ba da labari ba, mai taɓin hankali kuwa ko ta faɗa ba za a gaskata ta ba. Wasu iyaye kuma suna kulle irin waɗannan yara a ɗaki don kunya, suna ganin hukuncin Allah ne. Ubangijinmu ya riga ya amsa wannan a Yahaya sura 9, inda ya ƙi ɗora makantar mutumin nan a kan zunubinsa ko na iyayensa.

Akwai kuma zargin maita. A Jihar Akwa Ibom abin ya yi muni har aka yi ta korar yara daga gida, ana ƙona su, ana azabtar da su, sau da yawa bayan wani mai kiran kansa annabi ya nuna su a wurin addu'a. A shekarar 2008 jihar ta yi dokar da ta mai da zargin yaro da maita laifi. Kada mu ce wannan na kudu ne kawai. Duk inda aka yi rashi a gida, ko ciniki ya karye, aka fara kallon marayan da ke gidan, ko yaro mai farfaɗiya, ko mai yawan shiru, an hau wannan hanya. Babu inda Yesu ko manzanninsa suka doki yaro, ko suka hana shi abinci, ko suka ɗaure shi da sunan kuɓutarwa.

Sai 'ya'yan gudun hijira. Tun daga rikicin arewa maso gabas, wanda ya kai ga sace 'yan mata 276 a Chibok a shekarar 2014, zuwa hare-haren da suka tashi ƙauyuka a wasu jihohin, ikilisiyoyinmu sun cika da gwauraye da marayu. Inda iyali goma ke kwana a aji guda, inda abinci ke hannun mutum ɗaya mai rabawa, yarinya tana iya sayen kwanon masara da mutuncinta.

4. YADDA MAI LALATA DA YARA YAKE SAMUN HANYA

Wani masani ɗan Amurka mai suna David Finkelhor ya bayyana a shekarar 1984 cewa sai abu huɗu sun haɗu kafin a yi lalata da yaro. Sai mutum yana da muguwar sha'awar. Sai ya kashe muryar lamirinsa. Sai ya kawar da idon mutanen da ke tsaron yaron. Sai kuma ya rinjayi yaron kansa, da kyauta, ko ruɗi, ko tsoro.

In muka buɗe 2 Sama'ila sura 13 za mu ga dukan huɗun a gidan sarki Dawuda. Amnon ya yi sha'awar ƙanwarsa Tamar. Abokinsa Yonadab ya ba shi dabara, ya sauƙaƙa masa abin a zuciya. Ya yi ƙaryar ciwo har mahaifinsu da kansa ya aiki Tamar ta yi masa abinci, sa'an nan ya fitar da kowa daga ɗakin. Da ta roƙe shi ya ƙi ji, ya fi ƙarfinta. Ku duba abin da ya biyo baya. Wanta Absalom ya ce mata ta yi shiru domin abin na cikin gida ne. Dawuda ya ji, ya husata, amma bai hukunta Amnon ba. Tamar ta zauna a gidan wanta cikin kaɗaici. Bayan shekara biyu Absalom ya sa aka kashe Amnon, daga baya kuma ya tayar wa mahaifinsa. Shirun da aka yi don a rufa asirin gida, shi ne ya rushe gidan.

Abu na farko da na biyu suna cikin zuciyar mugu, Allah ne kaɗai yake ganinsu. Na uku da na huɗu kuwa suna hannunmu. Irin wannan mutum ba ya zuwa da fuskar mugu. Yakan zama mai fara'a, mai son hidima, mai biya wa marainiya kuɗin makaranta, mai cewa a turo masa yarinya ta share masa ɗaki, ko a bar yaron ya kwana wurinsa su yi karatu. Yakan fara sayen zuciyar iyaye kafin ya taɓa yaron. A yau kuma wayar hannu ta ba shi ƙofar da ba ta bi ta zaure, yana iya hira da yarinya a Facebook ko WhatsApp tsakar dare iyayenta suna barci a ɗaki na kusa. Yaran da aka koya musu cewa babba ba ya ƙarya, kuma ba a ce wa babba a'a, sun fi sauƙin kamu. Ladabi abu ne mai kyau, amma sai mu haɗa shi da koya wa yaro cewa akwai abin da ko fasto ne ya ce ya yi, zai ƙi, ya gudu, ya faɗa.

5. ABIN DA YA SHAFE MU MUSAMMAN, MU DA MUKE KAƊAN

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Zamanmu na 'yan kaɗan a tsakiyar masu yawa ya ba mu haɗin kai da ƙaunar juna, amma yana da nasa haɗari guda biyar.

Na farko, tsoron abin da maƙwabta za su ce. Mukan ji ana cewa, "In maganar nan ta fita, za a yi wa sunan Yesu dariya." Sai a kira iyaye a ba su haƙuri, a rufe magana. Ikilisiyoyi manya a duniya sun gwada wannan hanya. A Faransa, hukumar da shugabannin Katolika da kansu suka kafa ta ba da rahoto a shekarar 2021, ta ƙiyasta cewa yara kusan 216,000 ne ma'aikatan ikilisiya suka yi lalata da su tun daga 1950. A Amurka, rahoton da aka fitar a shekarar 2022 a kan babbar tarayyar Baptis ta kudancin ƙasar ya nuna yadda shugabanni suka yi shekaru suna ture masu kawo kuka. A wuraren nan duka, ɓoyewar ta jawo wa sunan Almasihu zagi fiye da yadda faɗin gaskiya tun farko zai jawo. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na biyu, dukanmu dangi ne. A ƙaramar ikilisiya, wanda ake zargi yana iya zama ƙanen dattijo, ko surukin ma'aji. Wanda zai yi shari'ar da wanda za a yi wa, tuwo ɗaya suke ci. Eli ya san abin da 'ya'yansa Hofni da Finehas suke yi da matan da ke hidima a ƙofar alfarwa, ya yi musu magana mai laushi, ya bar su a bakin aiki. 1 Sama'ila sura 2 da 3 sun nuna cewa Allah ya hukunta Eli kansa saboda bai hana su ba.

Na uku, dogara ga mutum ɗaya. Inda mutum guda ne ya saya mana kwanon rufi, ko shi kaɗai ya iya kiɗa, ko shi kaɗai ya yarda ya zo ƙauyenmu ya koyar, baki yakan yi nauyi a kansa. Wani lokaci kuma akan ɗauke ma'aikacin da ya yi ɓarna a kai shi wata ikilisiya ba tare da an gaya musu dalili ba. Wannan daidai yake da ɗauke kura daga garke ɗaya a kai ta wani.

Na huɗu, gudun hukuma. Wasunmu suna tsoron cewa ba za a yi musu adalci a ofishin 'yan sanda ko a kotu ba, wasu kuma suna kafa hujja da 1 Korantiyawa sura 6. Amma abin da manzo Bulus ya yi magana a kai can shi ne ƙararrakin da ke tsakanin 'yan'uwa a kan al'amuran yau da kullum. Fyaɗe babban laifi ne a dokar ƙasa, Romawa sura 13 kuma ta nuna cewa Allah ne ya ba hukuma ikon hukunta mai mugunta. Majalisar dattawa tana da ikon sa mutum a ƙarƙashin horo, ta hana shi cin Jibin Ubangiji, amma ba ta da ikon yafe abin da doka ta ce a hukunta.

Na biyar, gurguwar fahimtar gafara. Akan tilasta wa yarinya ta ce ta yafe a gaban dattawa, mai laifi ya yi hawaye, bayan wata shida a mayar da shi cikin mawaƙa ko Makarantar Lahadi. Mun gaskata Allah yana gafarta kowane zunubi ga mai tuba na gaskiya. Amma ma'ajin da ya ci kuɗin baiko, ko ya tuba ba ma sake ba shi makullin akwati. 'Ya'yanmu sun fi baiko daraja. Mai tuba na gaskiya shi da kansa zai nemi a nisanta shi da yara. Aurar da yarinya ga wanda ya yi mata fyaɗe kuwa, ɗaurin rai da rai ne aka yi wa wadda aka zalunta.

6. ABIN DA MUKE ROƘON KOWACE IKILISIYA TA YI

Rigakafi ya fi magani. Muna kawo waɗannan shawarwari domin majalisun dattawa su duba su a zamansu na gaba.

(a) Kada babba ɗaya ya keɓe da yaro a ɗaki a rufe, ko don addu'a, ko shawara, ko koyon waƙa. A kowane aji da kowace tafiya a sami manya biyu. Wannan yana tsare yaro, yana kuma tsare ma'aikaci daga zargi.

(b) Kada a ba baƙo aikin yara sai ya zauna tare da mu an san halinsa, an kuma tambayi ikilisiyar da ya fito.

(c) A zaɓi mace ɗaya da namiji ɗaya masu riƙon amana, a sanar da yara cewa za su iya kai musu kuka.

(d) In yaro ya faɗi wani abu, a saurare shi cikin natsuwa, kada a tsawata masa, kada a haɗa shi fuska da fuska da wanda ya ambata. In fyaɗe ne, a kai shi asibiti nan da nan, gama maganin da ke hana kamuwa da cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. A kuma sanar da 'yan sanda ko ofishin jin daɗin jama'a, dattawa biyu su raka iyayen don kada su tsaya su kaɗai.

(e) Zumuntar Mata ta riƙa ziyartar masu jego, da gwauraye, da sababbin masu bi waɗanda danginsu suka yashe su. Gidan da ake shiga ana fita, da wuya a azabtar da yaro a cikinsa ba a sani ba.

(f) A rubuta sunan kowane yaro namu da ke riƙo ko aikatau a wani gari, a haɗa shi da ikilisiyar da ke can, a kuma riƙa zuwa ganinsa.

(g) A keɓe wani abu daga baiko domin kuɗin makarantar marayu, kuma ya bi ta hannun majalisa, domin kada yarinya ta zama mai bin bashin alherin mutum guda.

(h) Fastoci su yi wa'azi a kan wannan daga bagade, a kuma sa shi cikin koyarwar masu shirin aure.

'Yan'uwa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba mu kawo wannan magana don mu kunyata wani gida ko wata ikilisiya ba. A Matiyu sura 18 Ubangijinmu ya tsai da ƙaramin yaro a tsakiyar almajiransa, ya kuma yi gargaɗi mai ban tsoro a kan duk wanda ya sa irin wannan yaro tuntuɓe, har ya nuna cewa nutsewa a teku da dutsen niƙa a wuya ya fi wa mutumin sauƙi. Yakubu 1:27 kuma ta sa kula da marayu da gwauraye a cikin ainihin ma'anar addini mai tsarki. Maƙwabtanmu da yawa ba za su taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba, amma suna ganin yadda muke riƙon agola, da maraya, da 'yar aikin da ke gidanmu.

Wataƙila a cikin masu sauraronmu akwai wanda aka yi wa irin wannan tun yana yaro, bai taɓa gaya wa kowa ba. Muna ce maka, muna ce miki, laifin ba naku ba ne, Ubangiji ya gani, ƙofar iyayenku fastoci da matansu kuma a buɗe take. Wanda kuma ya san hannunsa yana cikin wannan, ya daina yau, ya nemi taimako, ya fito da gaskiya tun kafin ta fito da shi.

Ubangiji ya ba mu idon gani, da kunnen jin kukan yara, da ƙarfin halin yin abin da yake daidai ko da a kan namu ne. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku duka. Amin.